Furosesar 2022 a kan bod ɗin 2017: wata biyar da Ryzen 5 5600 a ɗakin aikina na Nima

Wata Asabar cikin Satumbar bara, 2025, na shiga Tip Toe Lane, layin masu kayan waya da kwamfuta a Circle da ke Akra, babban birnin Gana, da niyyar sayen abu ɗaya tak, mai shagon kuwa ya so in fito da uku. Wanda ya san Circle ya san layin nan: tun daga bakin titi yaran waya ke jan hannun rigarka, kowa na rantsuwa kayansa jiya-jiya suka sauka daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Shagon da nake zuwa yana can ciki, sai ka hau matakala. Mai shi ɗan Sabon Zango ne, ya ɗan girme ni, kuma shekara takwas ke nan muna ciniki. Duk ranar da ya hango alamar kuɗi a tare da ni, Alhaji yake kirana, ni da ban taɓa taka Makka ba.

Na ce masa Ryzen 5 5600 nake nema, furosesar kamfanin AMD, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ya tambayi bod ɗin da zan ɗora ta a kai, wato babban falankin da ake jona dukkan kayan kwamfuta a jikinsa. Da na ce B350 ne na 2017, sai ya ajiye biro ya dube ni.

"Alhaji, tsakani da Allah akwatin nan ya yi maka bauta. Ka bar shi ya huta mana. Ga AM5, ga DDR5, mu haɗa maka sabo ka manta da mu shekara biyar."

Yana nufin sabon gurbin furosesa da sabon zubin RAM, ma'ajiyar wucin gadin da kwamfuta ke aiki a cikinta. Ya jawo takarda ya buga lissafi: Ryzen 5 7600, bod B650, RAM na DDR5 giga 32. Jimla ta haura sidi 6,000. Wadda na zo nema kuwa, bayan an ja an ja, ya bar mini ita a sidi 1,550, sabuwa a kwalinta. Na tura masa kuɗin ta waya, ta MoMo, ya rubuta lambar jikinta a rasit, na sa ta a aljihun gaba na hau tiroto, motar haya. Wata biyar ke nan ina aiki da ita kullum, kuma mutum uku a unguwa sun tambaye ni ko su bi sahuna. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Sana'ata tace bidiyo. Biki, suna, walimar sauka, maulidi, wani lokaci tallar maɗinka da masu atamfa da ke son abin sakawa a TikTok. Masu kyamara su ɗauko su kawo mini kati, ni kuma in zauna in yanka, in jera, in gyara launi, in sa sauti, in fitar. Ɗakin aikina yana bayan kasuwar Nima, taga ɗaya, fankar sama ɗaya. Kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin ita ce gonata.

Da hannuna na haɗa ta bayan ƙaramar sallar 2017. Ɗan kawuna da ke Bronx a Amurka ne ya sako kayan cikin jakar wani mai dawowa gida: Ryzen 5 1600, wadda a lokacin wata uku kacal da fitowarta, da bod B350, da RAM giga 8, da katin hoto GTX 1050 Ti. Akwati da faifan ajiya mai tera 1 a nan Circle na saye su. Dala ba ta kai sidi 5 ba a lokacin. In na faɗa wa yaran yanzu sai su ɗauka tatsuniya nake musu. Abin da ya ja ni ga Ryzen shi ne ƙwaya 6, wato ma'aikata shida a cikin furosesa ɗaya, da zare 12 a kusan kuɗin da Intel ke ba ka ƙwaya 4. Tun daga ranar ban ƙara sayen kwamfuta ba, amma in ka buɗe akwatin yau, abin da ya rage na 2017 bai wuce bod da fankar furosesa da shi kansa akwatin ba. Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa.

Na farko SSD ce, faifan ajiya mara juyawa, mai giga 240 a 2018. Har gobe babu kuɗin da na kashe wa na'urar nan na ji shi a jikina kamar wannan. Da can in na kunna ta, sai in fita in sayo koko da ƙosai in dawo tana nan tana nishi. Da SSD ta shiga, kafin in gyara zama ta buɗe. Duk wanda Windows ɗinsa ke kan faifai mai juyawa har yanzu, ba furosesa ce matsalarsa ba, ya fara zuwa ya sayo SSD tukuna.

Na biyu ba ni na zaɓa ba. Akwatin da na saya ya zo da fawa saflai, mai raba wa kayan wuta, a cikinsa, ba suna ba asali, ba nauyi kamar gwangwanin madara da aka shanye, an manna masa takardar wat 500. Na san bai kamata in yarda da shi ba, amma kuɗi sun ƙare, na ce zan canza shi wata mai zuwa. Watan nan ya kai shekara biyu bai zo ba. A 2019 babban dumso, wato yawan ɗauke wuta na shekarun 2012 zuwa 2016, ya riga ya wuce, amma wuta ba ta daina ɗaukewa ta dawo ba. Wani dare cikin damina ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, na ji fat, sai ƙaurin roba ya cika ɗaki. Fawa saflai ya tafi, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja faifan tera 1 ɗin nan. A ciki akwai bikin wata yarinya a Mamobi, kwana uku cur: lalle, ɗaurin aure, kai amarya. Mai kyamara ya riga ya goge katunansa ya tafi wani aikin.

Yayana na roƙa ya raka ni gidan. Mun sami uwar amarya a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Na tsuguna na gaishe ta, na yi bayani, na miƙa kuɗinsu a ambulan. Ba ta ko kalli ambulan ɗin ba.

"Ɗana, ba kuɗin ne ya dame ni ba. Kakar yarinyar nan ta taso tun daga Yendi don bikin nan, kuma ka ga jikin nata."

Sati biyu na yi ina bin ƙawayen amarya gida-gida ina kwasar abin da suka ɗauka a waya, har na harhaɗa minti 20 mai rawa da duhu. Kakar ta fito a ciki sau biyu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ni araha ta kusa raba ni da sana'a. Na sayi fawa saflai mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, na haɗa da sitabilaiza da UPS, batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, kuma tun daga nan kowane aiki a faifai biyu yake kwana.

Abin da ya faru ɗin nan shi ya sauya yadda nake kallon kayan cikin akwati. Akwai waɗanda ke tsufa irin tsufan mutum: fawa saflai, fankoki, faifai mai juyawa, man da ake shafa wa furosesa, ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo. Waɗannan ba a lallaɓa su, in lokacinsu ya yi a cire a sa sabo. A Akra ma tsufansu ya fi sauri, don iskar teku da laima su jiƙa ƙarfe, hunturu ya zo ya zuba masa ƙura, sai ka buɗe ka tarar da wani abu kamar laka ya toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Furosesa da RAM kuwa ba kasafai suke mutuwa ba, zamani ne kawai ke wuce su. Furosesata ta 2017 lafiyarta ƙalau ranar da na yanke shawarar cire ta.

RAM na ƙara zuwa giga 16 a 2020, sannan a 2023 na kwashe duka na sa sanda biyu masu giga 16 kowacce, DDR4 mai gudun 3200. Sai dai Ryzen ta farko a hukumance 2666 take tsayawa, don haka shekara biyu sandunan suna gudu ƙasa da ƙarfinsu. Katin hoto kuma a farkon 2023 na sauya shi da GTX 1660 Super mai giga 6, na hannu, irin wanda muke ce wa hom-yus. Bayan Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina haƙa da katin hoto a Satumbar 2022, masu haƙar sun zubo katunansu kasuwa, har mu nan muka samu rabonmu. A 2022 ɗin dai babu mai hankalin da ya yi zancen sabuwar kwamfuta a Gana: dala ta tashi daga wajen sidi 6 a Janairu ta haura 13 kafin ƙarshen shekara, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Kowa abin da ke hannunsa ya riƙe.

Abu biyu suka tura ni Circle bara. Na ɗaya, masu kyamara da masu iPhone duk sun koma 4K, kuma in na ɗora hotunansu uku a jere sai bidiyon ya riƙa tsalle yana cijewa, in yanka a nan ashe can na yanka. Na biyu, Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, jerin furosesocin da Windows 11 ta amince da su kuwa daga Ryzen 2000 ya fara. Tawa ta faɗo a bayan layi da taki ɗaya. Na san akwai dabarun tsallake shingen, kuma akwai ƙarin wa'adin shekara guda na kariya har Oktoban 2026. Amma na'urar da nake ciyar da iyali da ita ba na son ta zauna a kan dabara.

Abin da ya sa har zancen nan ya yiwu shi ne gurbin furosesa da ake kira AM4. AMD ta fito da shi a 2016, ta yi alkawarin riƙe shi har 2020. A watan Mayun 2020 ta ce sababbin Ryzen 5000 sai a kan bod na jerin 500, hujjarta kuwa ita ce ɗan guntun da ke ajiye BIOS, manhajar da ke tada bod, a yawancin tsofaffin bod mega 16 ne kawai, ba zai ɗauki bayanan dukkan furosesocin ba. Masu saye suka yi ca a kanta, cikin 'yan kwanaki ta janye ta ce B450 da X470 ma za su samu. Mu masu B350 sai a Maris ɗin 2022 aka buɗe mana ƙofa, aka kuma fito da ita 5600 ɗin a watan Afrilu a kan dala 199. Wato bod ɗin da na saya ina saurayi ya karɓi furosesar da aka ƙera bayan na haifi 'ya'ya biyu.

Sai dai fa ba a cire tsohuwa a cusa sabuwa haka nan. BIOS ake fara sabuntawa, kuma tun tsohuwar furosesa na ciki, don yawancin bod ɗin wancan zamani ba su da maɓallin da ke sabunta BIOS ba furosesa. In ka yi gaggawar sayar da tsohuwar, ka zauna da baƙin allo. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗinka, ka tabbatar sunan 5600 na cikin jerin da ya amince da su, ka nemi BIOS mai ɗauke da manhajar AMD ta AGESA, lamba 1.2.0.7 ko wadda ta biyo bayanta. Nawa ma sai da ya nemi in bi ta wani na tsakiya kafin na ƙarshe, wato sau biyu na yi. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutawa, bod na iya mutuwa murus. Na bar UPS ya cika tun rana, na jira bayan isha'i, na sa filash, na danna. Ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina yana tsaye a bayana; na ce masa ko tari ya taso masa ya fita waje ya yi. Minti huɗu muna kallon wani layi yana rarrafe a allo. Da ya gama, fuskar BIOS ɗin ta dawo fayau, an kwashe launuka da zane-zanen da na saba gani don a sami wurin zuba sababbin furosesoci. Ban yi kewarsu ba. Shawarata dai kada ka taɓa wannan aiki alhali akwai bikin da za ka miƙa gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Washegari muka buɗe akwati, kuma a nan na yi abin kunya a gaban yaro. Na san ƙa'idar sarai: ka bar na'ura ta yi aiki ta ɗumama, ka kashe, ka kwance sukurori, ka murza fankar hagu da dama a hankali har man ya saki, sannan ka ɗaga. Ni kuwa ina sauri kafin magariba, na'ura a sanyaye, man da na shafa tun 2021 ya bushe kamar siminti. Na kama na ja sama. Wani ɗan sauti ya fito, ƙaras.

"Kawu, ina furosesar?"

Na leƙa gurbi, wayam, ga kuma sandar kulle a kulle. Na juya fankar da ke hannuna, ga ta nan manne a gindi, ƙafafunta 1,331 suna kallon silin. Uku a kusurwa ɗaya sun kwanta. Allah ya taimake ni tsohuwar ce, kuma gurbin bai fashe ba. Bayan salla muka zauna, shi yana haska fitilar waya, ni ina bi da reza layi-layi ina tayar da su, hannuna na rawa kamar mai zare ƙaya a ƙafar jariri.

Sa sabuwar bai ɗauki minti biyar ba. A ɗaga sanda, a daidaita ɗan alwatikan zinariya da ke kusurwarta da na gurbin, a sake ta ta faɗa da kanta. In ba ta faɗa ba, kada a danna, ba a daidaita ba ne. Mai kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. A kwalin akwai fanka Wraith Stealth, amma na mayar da tsohuwar Wraith Spire da ta zo da 1600, don ta fi ta kaurin ƙarfe, ɗakina kuma ba na'urar sanyi. Muka kunna. Fankoki na juyi, allo baƙi ƙirin, kusan minti guda. Yaron ya fara kallona ta gefen ido. Bod ne ke gwada RAM da sabuwar furosesa, haƙuri kawai ake yi. Can sai rubutu ya fito yana cewa an ga sabuwar furosesa, bayanan fTPM, wato na mabuɗin tsaro, sun sauya, in danna Y a share ko N a bari. A nan a kula: mabuɗin tsaron nan a cikin furosesa yake zaune, saboda haka wanda ya kulle faifansa da BitLocker ya dakatar da shi ko ya rubuta lambar ceto a takarda tun kafin ya taɓa sukudireba, in ba haka ba zai tsaya a ƙofar gidansa ba mabuɗi. Ni ban kulle ba, na danna Y. Windows ta buɗe yadda na bar ta, lasisi bai motsa ba. Na koma BIOS na kunna XMP, saitin da ke sakar wa RAM cikakken gudunsa, sandunan RAM suka hau 3200 suka zauna daram, abin da suka shekara biyu suna jira. Bayan sati na kwashe ayyukana na zuba Windows 11 sabuwa fil, ba ta yi mini gardama ba.

To, me ta ƙara? Kafin in cire tsohuwar na ajiye wani bikin Fadama mai minti 45 don gwaji. 'Yan uwan amare da ke Jamus da Amurka ta WhatsApp suke so a tura musu, shi kuma ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 2, don haka kullum sai na matse aiki da manhajar HandBrake. Da 1600 matsewar nan minti 33 ta ci. Da 5600, saiti ɗaya, minti 19. Inda katin hoto ne ke fitar da bidiyon kuwa, bambancin bai taka kara ya karya ba, minti ɗaya ko biyu. Wannan ya kamata mai saye ya sani: in katin hoto ne ke riƙe maka aiki, sabuwar furosesa ba za ta sake shi ba. Ka buɗe Task Manager kana cikin aikin da ke ba ka haushi, ka ga wane ne ya cika ɗari bisa ɗari. Shi ne mai laifin.

Inda na fi jin daɗinta ba a agogo yake ba, a yatsa yake. In na ja bidiyo gaba da baya yana bin hannuna. Hotunan 4K biyu a jere suna tafiya sumul, na uku ne ke sa ta ɗan tari. Photoshop na buɗe da katin gayyata, Chrome na buɗe da shafi goma, ba wanda ke jiran wani.

Yaron ya tambaye ni yadda aka yi haka, tunda wannan ƙwaya 6 waccan ma 6, wannan wat 65 waccan ma 65. Na ce masa ya ɗauki maɗinka shida ana gab da salla. A tsohuwar an raba su ɗaki biyu, uku-uku, kowane ɗaki da ɗan teburinsa na mega 8. In na wannan ɗaki yana son almakashin da ke wancan, sai ya tashi ya zagaya. A sabuwar duk shidan ɗaki ɗaya suke, teburi ɗaya mai mega 32 a tsakiya, kowa ya miƙa hannu ya ɗauka. Teburin shi ne ɗan rumbun cikin furosesa da ake kira L3. Ga shi kuma ƙafarsu ta fi sauri a kan keke: waccan 3.6 take ƙurewa, wannan tana kai gigahaz 4.4, kuma a kowane bugu ta fi waccan yawan ɗinki. Mitar wutata ba ta san an yi baƙuwa ba. Zafinta da rana tsaka a watan nan na Fabrairu, ana cikin matse bidiyo, yana yawo tsakanin 76 da 80 a ma'auni, kuma na busa ƙurar hunturu sau biyu tun Disamba.

Akwai inda ta gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Ba ta da sashen hoto a cikinta, ranar da katin hotona ya mutu allo zai yi duhu har sai na sami wani. Sababbin kyamarori masu ɗaukar hoto mai zurfin launi na 10-bit 4:2:2 kuma, hotonsu ba katina ba ita ba wanda ke da sashe na musamman na warware shi, alhali furosesocin Intel masu sashen hoto tun daga zubi na 11 suna da shi. Mai kyamara ɗaya ne cikin masu kawo mini aiki ke da irin wannan, in nasa ya zo sai in yi ƙananan kwafi in yi aiki a kansu, in tafi cin waakye kafin su gama. Ita furosesar ta iya PCIe 4.0, hanyar da bayanai ke bi zuwa SSD da katin hoto, bod ɗina kuwa a 3.0 ya tsaya, don haka SSD ta NVMe ba za ta wuce wajen mega 3,500 a daƙiƙa ba komai tsadarta. Wannan bai taɓa hana ni miƙa aiki ba, amma kada wani ya kashe kuɗi a kan SSD mai gudun da bod ɗinsa ba zai iya bi ba.

Nadamata ɗaya ce: da Ryzen 7 5700X na saya. Ƙwaya 8, zare 16, ita ma wat 65, bod ɗina zai ɗauke ta ba wahala, kuma ga mai tace bidiyo ƙwaya biyun nan kuɗi ne. 'Yan ɗaruruwan sidi ne tsakaninsu, na tsaya ƙwauro. Tunda wannan ne hawa na ƙarshe a kan AM4, don ba wani sabon zubi da zai zo bayan Zen 3, zubin su 5600, a wannan gurbi, ya kamata in hau iya inda bod zai iya. Iya inda zai iya fa na ce. Masu ƙwaya 12 da 16 wat 105 suke, kuma bod mai araha na 2017 ba a gina sashen wutarsa don su ba, balle a zafin Nima.

A layin kuma a buɗe ido da lambobi. Kafin in kai shagon wani yaro ya tare ni da 5500 yana cewa duk ɗaya ne, lamba ce kawai. Ba ɗaya ba ne: rumbunta mega 16 ne, rabin na 5600. Haka 5600G, ita ma mega 16, sai dai tana da sashen hoto a ciki, wanda ya sa ta dace da mai shagon buga takardu da ba ya son sayen kati. Kowacce da amfaninta, amma kada a sayar maka da ɗaya a kuɗin ɗaya. Mai shagona a nan ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya ce yana cikin kwali shi ne a ciki, kuma ya ba ni sati guda in dawo da ita in ta ƙi tashi. Aibinsa irin na duk layin ne: dala ta sauko daga wajen sidi 15 a Afrilun bara zuwa kusan 10 a Yuni, amma farashin kanta sai ka rantse ba su ji labari ba. In ka yi magana ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya shigo da shi.

Cikin mutum ukun da suka tambaye ni, biyu na ce su saya: ɗaya B450 gare shi da Ryzen 5 2600, ɗaya A320 da Ryzen 3 1200, dukansu da DDR4 a hannu da fawa saflai na kirki. Na ukun abokina ne a Madina, mai buga katin biki da kalanda. Shekara ɗaya muka haɗa na'ura, shi ya bi Intel ya sayi i5-7500. A watan Oktoban shekarar Intel ta fito da zubi na 8, wanda ba ya hawa bod ɗinsa, iyakar abin da zai iya sawa shi ne i7 mai ƙwaya 4 na zubi na 7, kuma Windows 11 ba ta lissafa da ko ɗaya cikinsu ba. Shi babu abin da zai ɗaukaka, na ce masa ya kwashe SSD da RAM ɗinsa ya nemi wani gida. Ya sayi hom-yus ta ofis mai zubi na 8, tana yi masa CorelDRAW lafiya lau. Ba wayo na fi shi ba a 2017. Ni ma ƙwaya shida na bi, ban san gurbin zai yi wannan tsawon rai ba. Wanda kuma ba shi da komai a hannu, zai fara daga tushe, ban ga dalilin da zai gina a kan AM4 yana kallon AM5 ba, tunda AMD ta ce za ta riƙe shi har 2027 da bayanta. Haka na riƙa faɗa har watan Nuwamba.

A Janairu na koma shagon sayen batirin UPS. Yana ganina ya fara dariya, ya jawo tsohuwar takardar lissafin nan daga cikin littafinsa, ashe bai yar ba. Tun ƙarshen bara farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, don manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira sun kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa.

"Alhaji, DDR5 ɗin da na rubuta maka a nan, yau kunyar faɗin kuɗinsa nake. Da ka ji maganata a Satumba, da yanzu kai ne da riba."

Na yi shiru, don bai yi ƙarya ba. Da na haɗa sabuwar a lokacin, da na shige kafin a rufe ƙofa. Yanzu ko na so, sai na jira kasuwa ta sauko, kuma ban san ranar ba. Amma sidi 4,500 ɗin da ban kashe ba su suka biya kuɗin makarantar yara da sabon faifan ajiya, aikin kuma yana fita a kan lokaci. Na ce masa ai DDR4 ɗin da ke akwatina ma ya yi daraja. Ya ce in zan sayar yana saye yanzu-yanzu. Na ce a kai kasuwa.

Tsohuwar 1600 tana cikin robar da sabuwar ta zo a ciki, a aljihun tebur, tare da GTX 1050 Ti da SSD mai giga 240 da sanda biyu na RAM masu giga 8. Ɗan yayata ya ƙirga su ya gano bod da fawa saflai da akwati kawai suka rage masa ya zama mai kwamfuta. Ya tara sidi 400 daga kuɗin riƙe fitila a wuraren biki. Na ce fawa saflai ni zan saya masa, kuma ni zan zaɓa. In mun gama bukukuwan kafin azumi za mu gangara Circle neman A320 na hannu, mu roƙi mai shagon ya bari mu gwada a kan teburinsa kafin mu biya, don har yau ba wanda ya san ko ƙafafu ukun nan da na tayar da reza za su yi aiki.